Rumbun Rubutun Manhaja da Masana'antun Kano: Daga Kati Mai Huda zuwa Git

Duk wanda ya bi tarihin masana'antun Kano zai tarar da wata matsala guda da ta yi ta maimaita kanta tun daga shekarun 1950, watau mallakar inji ba tare da mallakar sanin cikinsa ba. Attajiri yakan sayi inji da kuɗinsa, a ɗauko masa shi daga tashar jiragen ruwa ta Ikko, a kafa a Bompai ko Sharaɗa, amma zanen ƙirarsa da kayan gyaransa da mutumin da ya san lagonsa duk suna can ƙasar da aka ƙero shi. Muddin kuɗin waje na samuwa, ba wanda ya damu. Ranar da suka yi wuya kuwa, sai ɗan ƙarfe guda ya tsai da masaƙa mai ɗaruruwan ma'aikata.

Wannan lacca za ta bi sawun matsalar ne a wani fage da ba a cika waiwayarsa ba, watau fagen manhajar kwamfuta. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta lissafa albashi, ko ta ƙidaya kayan sito, ko ta fitar da takardar neman biya. Ita ma inji ce, sai dai ba ta da ƙarfe, kuma ita ma ana iya sayenta ba a mallake ta ba. Abin da ke raba saye da mallaka shi ne wurin da aka ajiye rubutunta na asali, da kuma ko mutumin gida zai iya ɗaukar rubutun nan ya tayar da manhajar a kan kwamfutar da ke gabansa. Wurin ajiyar shi za a kira rumbun rubutu a nan. An yi shekara talatin da uku, daga 1972 zuwa 2005, kafin a kai ga irin rumbun da ya dace da gari mai ƙarancin wuta da yankewar waya.

Bompai da Sharaɗa da Challawa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba a daɗe ba gyaɗa ta zama babbar hajar da ake fitarwa. Masana'antun zamani bayan gyaɗar suka biyo. Bompai, a arewa maso gabashin birni, ita ce ta fari. Can aka kafa injinan matsar man gyaɗa, sa'an nan na sabulu da turare da alewa da kwanonin ƙarfe da takalman roba da yadi, da yawansu na Kwarori, watau 'yan kasuwar Labanan da suka zauna a Kano. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kuma shiga zamanin kuɗin man fetur, sai aka yanka filayen Sharaɗa kashi uku a kudu maso yammacin birni, da na Challawa can gaba ta hanyar Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa. Challawa ta yi fice da majemu, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a ƙasar da fatar jan akuyarta ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su.

Kowace masana'anta daga cikin waɗannan tana da ofis, a ofis kuwa akwai akawu da manyan littattafansa: na albashi, na sito, na bashin dillalai. Littafin akawu yana da wata falala da ba a lura da ita ba sai da aka rabu da shi. Duk mai ilimin lissafi zai iya buɗe shi ya ga yadda aka yi aka kai ga jimla, in kuma akawu ya bar aiki, littafi yana nan a kan kanta. Da kwamfuta ta shigo, sai ƙa'idar lissafin ta tashi daga shafin littafi ta koma cikin manhaja, inda manaja ba ya ganinta.

A nan ya kamata a bayyana wani abu da ɗalibin kimiyya ya sani amma sau da yawa mai sa hannu a kwangila bai sani ba. Manhaja tana da siga biyu. Akwai rubutun asali, wanda mutum ya rubuta da wani harshe na na'ura irin su Fortran ko Cobol ko C, wanda kuma wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma sigar da na'ura ke aiki da ita, wadda wata manhaja mai aikin tafinta ta juya zuwa lambobi zalla. Daga ta farko ake samun ta biyu cikin 'yan mintoci, amma komawa daga ta biyu zuwa ta farko aiki ne mai wuyar gaske, kuma ba ya dawo da bayanan da marubuci ya bari a gefe. Wanda aka ba jemammiyar fata ya samu abin yin takalmi, amma bai samu sanin awon bagaruwa da toka da kwanakin jiƙo ba. Haka wanda aka ba manhaja ba tare da rubutunta na asali ba.

Zamanin kati

Rumbun farko akwati ne na kwali. A shekarun 1960 da na 1970 mai tsara manhaja yakan rubuta umarninsa a takarda, wani ma'aikaci ya buga su a kan injin huda, kowane layi a kan kati guda mai gurbi 80. A ɗauki tarin katin a kai ɗakin kwamfuta, a dawo gobe a karɓi sakamako. Akwati guda yakan ci kati wajen 2,000. Ta wannan hanya aka fara koyon aikin a Nijeriya: kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963, a Arewa kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta yi jagora, kuma cibiyar kwamfutarta ta ci sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

Babban abin tsoro a wancan zamani shi ne akwati ya suɓuce katin ya watse. Saboda haka akan bar gurbi takwas na ƙarshe, daga na 73 zuwa na 80, domin lambar jeri, akan kuma ja layi a karkace da tawada a kan gefen tarin, domin in wani kati ya bar muhallinsa ido ya gani. Malaman ƙasar Hausa sun riga kowa sanin wannan matsala. Littattafansu na hannu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, don haka marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama, yadda in iska ta watsa su za a iya mai da kowace wurinta. A ƙarshen littafi kuma sau da yawa yakan faɗi sunansa da sunan wanda aka kwafa wa, wani lokaci har da ranar gamawa. Tambayoyin da yake amsawa su ne waɗanda duk wani rumbun rubutu ya zo yana amsawa daga baya: wa ya rubuta, yaushe, kuma me ke bin me.

Kati yana da wani alheri duk da nauyinsa: rubutun asali abu ne da ake gani a kan kanta, ana iya kulle shi a sito. Haɗarin yana wajen injin. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta ƙara tsaurara ta a 1977, sun tilasta wa kamfanonin waje sayar da wani kaso na hannun jarinsu. IBM ya ƙi, ya tattara nasa ya nasa wajen 1978, kamar yadda ya yi a Indiya a shekarar. Dokar ta mai da hannun jari gida, amma hannun jari takarda ce. Sanin cikin inji ba ya bin takarda, kuma masu masana'antun Kano sun ga haka a injinan saƙa da na jima kafin su gan shi a kwamfuta.

Rumbu mai mukulli da rumbu na tsakiya

A 1972, shekarar da aka kafa hukumar lantarki ta NEPA, wani injiniya mai suna Marc Rochkind a ɗakunan bincike na Bell a Amurka ya rubuta SCCS, wadda ake ɗauka ita ce manhajar rumbu ta farko da ta yaɗu. Dabararsa ita ce kada a ajiye kwafi goma na rubutu guda, a ajiye shi sau ɗaya tare da jerin canje-canjen da aka yi masa, kowane canji da sunan mai yinsa da ranarsa da dalilinsa. Da haka mutum zai iya cewa a fito masa da rubutun yadda yake watan jiya. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, wadda ta fi sauƙi kuma ta yaɗu a jami'o'i. Dukansu biyu da mukulli suke aiki: in mutum ya ɗauki fayil zai gyara, sai ya kulle shi, kowa ya jira har ya mayar. Wanda ya taɓa neman fayil a ma'aikatar gwamnati aka ce masa yana ofishin wani jami'i da ya tafi hutu, ya san aibin wannan tsari.

Dick Grune, malami a wata jami'a a Amsterdam ta ƙasar Holan, shi ya cire mukullin. Yana aiki ne da ɗalibansa biyu, lokutansu ba sa haɗuwa, sai ya tsara CVS, ya kuma sake ta ga jama'a a 1986. A tsarinsa kowa yana ɗaukar kwafi ya yi gyaransa, manhaja ta gwama gyare-gyaren, sai inda mutum biyu suka taɓa layi guda ne za ta nemi a sasanta. Subversion, wadda aka fara a 2000, ta gyara kurakuran CVS da yawa amma ta riƙe ginshiƙinta: tarihin aiki duka yana kan babbar kwamfuta guda ta tsakiya, wadda ake kira uwar garke. Mai aiki ba ya iya ajiye canji a tarihi, ba ya iya duba abin da ya wuce, sai in wayarsa ta kai can.

To, ina Kano take a waɗannan shekaru? Ƙananan kwamfutoci sun fara shiga ofisoshi bayan IBM ya fito da tasa a 1981, tare da manhajoji irin su Lotus 1-2-3 da dBase, daga baya Clipper da FoxPro. Da su ƙananan 'yan kwangila suka riƙa rubuta wa kamfanoni manhajar albashi da ta sito. Al'adar sana'ar, a nan da sauran ƙasashe, ita ce a miƙa wa mai saye sigar na'ura a kan faifai, marubuci ya riƙe rubutun asali a wurinsa, domin shi ne jarinsa, kuma shi ke sa a sake kiransa. Ba za a ce ya yi laifi ba, tun da ba wanda ya nemi ya bayar.

A daidai lokacin ne kuma ƙasa ta juya. Gyaɗa ta riga ta durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye amfanin 1975. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka saki Naira a kasuwa. Kuɗin da a farkon shekarun 1980 ya fi dalar Amurka daraja, ya koma wajen Naira 4 a kan dala guda a 1987, ya kuma ci gaba da gangarawa. Kayan gyara da sinadarai da zare suka ninka kuɗi, wuta ta ƙi zama, kowace masana'anta ta koma ga janareta da man gas. Masana'antar da ke fama da biyan albashi ba za ta tsaya tambayar inda rubutun manhajar albashin yake ba. Ko da ma ta tambaya, rumbu na tsakiya ba zai amfane ta ba, domin kafin zuwan wayar salula a 2001 layukan tarho masu aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba.

Duniya ta ga kuɗin wannan sakaci gab da shekara ta 2000. Tsofaffin manhajoji da yawa sun rubuta shekara da lamba biyu, aka ji tsoron za su ɗauki 00 a matsayin 1900. Gyaran kansa ƙarami ne. Abin da ya ci kuɗi shi ne nemo wurin gyaran, kuma kamfanoni da hukumomi da dama a ƙasashe daban-daban sun tarar ba su da rubutun asali na manhajar da suka shekara ashirin suna dogara da ita, ko kuwa wanda suke da shi bai yi daidai da wanda ke aiki ba.

Shekarar 2005

Shekarar 2005 ba ta yi wa masaƙun Kano daɗi ba. A watan Janairunta yarjejeniyar ƙasashe da ta taƙaita cinikin yadi ta ƙare, yadin Sin ya ƙara cika kasuwannin duniya, Kantin Kwari ma bai tsira ba. A cikinta ne kuma aka sauya wa NEPA suna zuwa PHCN, wuta dai ba ta sauya hali ba. Amma a watan Afrilunta wani abu ya faru can nesa wanda ya shafi duk mai rubuta manhaja a garin da wuta da waya ba su da tabbas.

Linus Torvalds, mutumin Finlan wanda ya fara manhajar Linux a 1991, yana jagorantar ɗaruruwan masu rubutu a nahiyoyi daban-daban. Tun 2002 suna amfani da wani rumbu mai suna BitKeeper, mallakar kamfanin Larry McVoy, wanda ya ba su aronsa kyauta bisa sharuɗɗa. Da saɓani ya shiga, sai kamfanin ya janye aron. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ga shi kuwa ya tabbata a kan aikin manhaja mafi girma na sa kai a duniya. Torvalds ya zauna ya rubuta nasa, ya kira shi Git. Ya fara a farkon Afrilu, cikin 'yan kwanaki Git ya fara riƙe tarihin kansa, a watan Yuni aka fitar da Linux da shi, a ƙarshen Yuli kuma ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano.

Abu biyu suka bambanta Git da na gabansa. Na farko, ba shi da tsakiya ta dole. Duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafe shi ne ɗungurungum, da tarihinsa tun daga ranar farko. Yana iya ajiye canji, ya duba na bara, ya buɗe reshe ya gwada wata dabara, ya gwama ta da babban aiki ko ya watsar, duk a kan kwamfutarsa, ba waya ba intanet. Sai lokacin da ya ga dama ya tura wa abokan aiki. Na biyu, kowace ajiya tana da hatimi, watau lamba mai harafi 40 da ake lissafowa daga abin da ke cikinta, kuma cikin abin da ke cikinta har da hatimin ajiyar da ta gabace ta. Wanda ya san isnadi zai gane tsarin nan da nan: kowace ruwaya tana ɗauke da sunan wadda aka karɓo ta daga gare ta. In wani ya koma baya ya sauya harafi guda a ajiyar shekara uku da suka wuce, hatiminta zai sauya, na duk masu bin ta ma su sauya, kuma duk mai riƙe da wani kwafi zai gani. Ga mai binciken kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana nuna ranar da aka sauya ƙa'idar cire haraji daga albashi, da sunan da aka rubuta a kan sauyin.

Torvalds bai yi tunanin Sharaɗa ba sa'ad da yake wannan aiki, amma abin ya zo daidai da ita. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, bankuna suka tangaɗa. A watan Oktoba na shekarar kuma Kano da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mai rumbu a kan kwamfutarsa, da batir ko farantin hasken rana, aikinsa bai tsaya ba. Git yana ma da umarnin da ke ɗaure rumbu cikin fayil guda, a sa a filasha, a kai wa abokin aiki a Bompai a kan babur.

Yadda ake kafa aiki, da dalilin kowane mataki

Daga wannan tarihi ne ƙa'idojin kafa sabon aikin manhaja suka fito, kuma kusan kowace ƙa'ida tabon wani rauni ce. Ana buɗe jaka guda a kwamfuta domin aikin, a ba da umarnin git init, sai a sami ɓoyayyiyar jaka a cikinta inda tarihi zai zauna. In kuwa aikin yana nan tun da, umarnin git clone ne zai kwafo shi. Mai aiki yakan shaida wa Git sunansa da adireshinsa tun farko, domin su za a rubuta a kan kowace ajiya.

Fayil na farko da ya kamata ya shiga ba manhaja ba ce, takardar bayani ce, wadda al'ada ta sa wa suna README. A cikinta ake faɗin abin da aikin yake yi, da abin da ake bukata a girka kafin ya tashi, da umarnin tayar da shi ɗaya bayan ɗaya. Ita ce takardar da masu injinan Bompai suka rasa. Tun 1976, da Stuart Feldman ya rubuta Make a ɗakunan Bell, aka gane cewa matakan gina manhaja bai kamata su zauna a kan mutum guda ba, a rubuta su a fayil yadda na'ura za ta maimaita su.

Sa'an nan akwai jerin abubuwan da ba za su shiga rumbu ba, wanda ake rubutawa a fayil mai suna .gitignore. Sigar na'ura ba ta shiga, tun da ana iya sake gina ta. Kalmomin sirri da mukullan shiga banki ba sa shiga ko kusa, haka ma ainihin sunayen ma'aikata da albashinsu, domin falalar Git ita ce kuma haɗarinsa: ba ya mantuwa. Abin da aka ajiye yau aka goge gobe yana nan a tarihi, yana kuma cikin kowane kwafi da aka riga aka ɗauka. Gwaji da bayanan bogi ake yinsa, a kan kwamfutar mai aiki, ba a kan wadda ke biyan leburori ranar Juma'a ba.

Mataki mafi kama da matsalar kayan gyara shi ne na manhajojin aro. Ba mai rubuta komai da kansa a yanzu. Kowane aiki yana jingine da gomomi ko ɗaruruwan ƙananan manhajoji da wasu suka rubuta, waɗanda ake saukowa da su daga intanet. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya yi fushi ya janye ayyukansa daga babbar ma'ajiyar npm, cikinsu har da wani ɗan rubutu mai layi 11 da ake kira left-pad, nan take ginin dubban manhajoji ya tsaya a duniya. Saboda haka mai hankali yakan rubuta sunan kowace manhajar aro da ainihin lambar fitowarta a fayil cikin rumbu, in kuma yana inda intanet ke da tsada, ya ajiye kwafinsu a gida. Harshen da aka yi rubutun da shi ma abin dubawa ne: Microsoft ya daina kula da Visual FoxPro a 2015, ya bar masu tsofaffin manhajojin sito da neman mafita.

Bayan haka sai ajiya ta farko, sai a ci gaba da ajiya ƙanana-ƙanana, kowace da bayanin dalilinta cikin jimla mai ma'ana. Bayanin da ya ce “gyara” kurum bai amfani kowa ba. Wanda ya ce an sauya lissafin kuɗin aikin dare bisa sabuwar yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata zai amfani wanda zai zo bayan shekara biyar.

Rumbun wa?

An buɗe GitHub a 2008 domin mutane su ajiye kwafin rumbunansu a intanet, kuma ya zama dandalin da masu sana'ar suke haɗuwa. Kano ma ta shiga. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 ta kuma yi zamanta a cikin garin Kano, ta gina manhajojin da aka yi aiki da su wajen yaƙi da cutar shan inna, an tsara wasunsu su yi aiki a ƙauyen da ba waya su aika bayani in an dawo gari, kuma ta saki rubutun wasu ayyukanta a fili a GitHub. Wannan ya nuna ana iya yin aikin a Kano, da hannun mutanen da ke zaune a Kano.

Sai dai sauƙin GitHub ya sa mutane da yawa sun mai da shi tsakiyar da Git ya zo ya kawar. Gidan wani ne. Google ya rufe nasa irin wannan masauki a 2016. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, a 2019 kuma aka taƙaita wa masu aiki a Iran da Siriya da Kirimiya amfani da shi saboda takunkumin Amurka. Wanda ke da cikakken kwafi a kwamfutarsa da wani a ofishin kamfani bai rasa komai ba illa wurin haɗuwa.

Saura batun doka, wanda ya fi shafar manaja da jami'in kwangila fiye da ɗalibi. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, wadda ta yi aiki har aka maye gurbinta a 2023, ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, ta kuma ce haƙƙin aikin da aka ba wani kwangilarsa na marubucin ne tun farko, sai fa in an rubuta akasin haka a yarjejeniya. Ke nan masana'anta mai zaman kanta da ta biya aka rubuta mata manhaja a waɗannan shekaru talatin da biyar, ba ta kuma sa wannan sharaɗi ba, ta biya kuɗin amfani ne kurum. Sharaɗin ba ya wuce layi uku: rubutun asali na mai biya ne, rumbu yana ƙarƙashin sunan kamfani ko ma'aikata tun daga ranar farko, ɗan kwangila kuwa baƙo ne da aka ba izinin shiga.

Ko da sharaɗin ma, miƙa rumbu bai tabbatar da cewa abin da ke ciki cikakke ne ba. Gwajin da masu sana'ar suka yarda da shi yana da sauƙi, kuma akanta ma zai iya tsayawa a kansa. A kawo kwamfutar da ba a taɓa yin aikin a kanta ba, a zaunar da ma'aikacin gida wanda bai sa hannu a rubutun ba, ya kwafo rumbun, ya bi takardar bayani layi bayan layi, ɗan kwangila yana gefe bai ce uffan ba. In manhaja ta tashi ta fitar da albashin gwaji daidai da na littafi, a sa hannu a biya kason ƙarshe. In ta tsaya a wani mataki, a rubuta matakin, a mayar wa ɗan kwangila, a sa wata rana.